A Duba Mana Idon Jariri Kafin Ranar Suna

Zuwa ga Shugaban ƙaramin asibitin da matan ƙauyukanmu ke zuwa awo da haihuwa, a nan yankinmu tsakanin Kankiya da Kusada.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, kai da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya iyali, yaya fama da jama'a? Allah Ya ba da lada. Ban ambaci sunanka ba, ban kuma ambaci sunan asibitin ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba. Na rubuta a fili ne saboda na zo ofishinka ban same ka ba, kuma abin da ke tafe da ni ba ya jira. Surukata Bilki, matar ɗana Sani, ta shiga watan haihuwarta.

Sunana Isiya. Manomi ne ni, da rani kuma ina gyaran keke a bakin kasuwa. Ban yi boko ina yaro ba. Sai da furfura ta fara fito mani na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a firamaren garinmu. In ka ga maganata ba ta bi tsarin ofis ba, ka yi mani uzuri, yallaɓai. Abin da zan faɗa dai a gidana ya faru.

Bari in fara da farin ciki, don kada ka ɗauka ni mutum ne marar godiyar Allah.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, ina zaune a zaure ina liƙin tayar keke, sai jikana Mudi ya tako ya dafa gwiwata, ya dube ni ya ce, "Kaka, zo." Shekarar Mudi bakwai. Tun da aka haife shi bai taɓa haɗa kalma biyu ba sai ran nan. Na yar da tayar na bi shi. Ashe akuyarmu ce ta cusa kai cikin tulu ya ƙi fita, tana ta karo da bango, shi kuma yana so in zo in gani. Na yi dariya har hawaye, daga baya dariyar ta ƙare hawayen bai tsaya ba. Kakarshi Rabi, mai ɗakina, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Ta ce, "Ka ji angona ya fara ba da umarni. Tsoho, sai ka naɗe tabarmarka ka ba mu wuri." Na ce, "Wane ango, mutumin da ko goro bai taɓa kawowa ba?" Ran nan na sa aka soya ƙosai aka raba wa yaran unguwa sadaka. Duk wanda na gamu da shi a hanyar masallaci sai na tsayar da shi na ba shi labari. Rabona da irin wannan murna har na manta.

A wannan ranar ce kuma, da azahar, Bilki ta dawo daga awo a asibitinku. Ta ba Rabi labarin abin da aka koya masu, Rabi ta kawo mani a zaure. Wai an gaya masu, idan idon jariri ya yi ruwan ɗorawa, kada hankali ya tashi, a riƙa fitar da shi ranar safe yana sha, a kuma ba shi ruwan gulukos.

Yallaɓai, da na ji wannan sai na ajiye ƙosan da ke hannuna. Domin wannan magana, ba ƙari ba ragi, ita aka faɗa mana shekara bakwai da suka wuce a kan Mudi.

Na farko, ga abin da ya sami Mudi.

A asibitinku aka haife shi, da kaka, ana tsakar yankan gero. Da safe ya faɗo, lafiya lau, da kukanshi mai ƙarfi. Kafin azahar an sallame su. Da suka iso gida aka shigar da mai jego ɗaki, aka yi yadda aka saba: aka toshe taga da tsumma, aka ninka labule, aka kai garwashi, don kada sanyi ya kama uwa da ɗa. Aka buɗe adaka aka fito da kayan jariri waɗanda aka daɗe ana tarawa, suna ta ƙamshin kafur, wannan farin ƙwallon da mata ke sawa cikin tufafi don kyankyaso da asu. Aka naɗe shi a ciki. A irin wannan ɗaki ko da rana tsaka sai ka lalubi hanya. Kowa ya shiga barka yana cewa yaro fari tas, ya biyo dangin uwa.

A kwana na uku ya ƙi kama nono, sai barci. Rabi ta fito da shi bakin ƙofa ta buɗe idonshi, ta ga farin ya koma ruwan ɗorawa. Ta ce ciwon shawara ne. Ba mu tsaya jiƙe-jiƙe ba. Sani ya ɗauke su a mashin sai asibitinku. Ma'aikacin da ya gan su yana cikin ɗaki, ba wuta. Bai kwance zanen da aka naɗe yaron ba, bai fito da shi haske ba. Ya leƙa fuskarshi a hannun kakarshi, ya ce ai yawancin jarirai suna yin haka, a shanya shi a ranar safe, a ba shi gulukos. Mu kuwa mutane ne masu jin maganar mai farar riga. Muka dawo da kwanciyar hankali, muka yi abin da aka ce.

Bayan kwana biyu yaron ya fara wani irin kuka siriri mai tsini, wanda har yau ban manta shi ba. Yana banƙarewa, ƙeya tana neman taɓa baya. Mata suka ce iska ce, aka kawo hayaƙi. Ana gobe suna muka fita bakin titi a Kankiya muka shiga motar Katsina.

Likitar da ta karɓe mu a babban asibiti mace ce. Da ta kwance shi, har tafin ƙafarshi rawaya ne. Ta tambaye mu tun yaushe. Sani ya faɗa mata. Sai ta ɗauki zanen ta shinshina, ta ce a fita da shi waje duk da sauran kayan, kada a sake kusantar da su jikin yaron. Aka sa shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, aka nemi jini aka canja mashi. A gida aka yanka rago aka raɗa suna, mai sunan yana kwance a Katsina. Allah Ya yi da sauran kwananshi.

Kafin a sallame mu likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce wannan rawaya in ta yi yawa a jinin jariri tana hawa ƙwaƙwalwa, kuma inda ta taɓa ba ya komawa yadda yake. Ta fi taɓa wajen ji, da wajen da ke sarrafa hannu da ƙafa da harshe. Ta ce gulukos ba ya maganinta, shanya jariri a rana kuma ba abin dogaro ba ne, yana ma iya ƙona shi. Ta ce da a ranar da aka fara gani aka kawo shi, da alama fitilar kaɗai za ta wadatar. Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba.

Na biyu, ga abin da ya biyo baya, domin ku a asibiti kuna ganin farkon abu, mu a gida muke zama da ƙarshenshi.

Wuyan Mudi bai tsaya ba sai da sa'o'inshi suka yi rarrafe. Bai zauna ba sai da suka fara gudu. Ya haura shekara uku kafin ya taka, har yanzu kuma tafiyarshi kamar ta mai tsallaka ruwa ce. Hannunshi ba ya jin maganarshi: ya nufi kofi, hannun ya wuce gefe. Kunnen kuwa yana jin ƙara amma ba ya rarrabe magana, kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba. In ba kana gabanshi yana kallon bakinka ba, ka yi ta kira.

Yana da yaya mace, Ummi, uwa ɗaya uba ɗaya. Tuwo ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke kwana. Ummi tana aji huɗu, ita ke karanta wa kakarta rubutun kwalin magani. Ba na faɗa don alfahari ba. Na faɗa ne don a san ba gadon daƙiƙanci ne a gidan ba, ba kuma yunwa ba ce.

Bara muka sa shi firamare. A ajinsu a ƙasa ake zama, wanda ya riga zuwa shi ke samun gaba. Mudi da irin tafiyarshi kullum shi ne na ƙarshen isowa, saboda haka kullum yana can jikin bango na baya, inda ko mai lafiyar kunne da ƙyar yake jin malam. Fensir in ya riƙe sai ya yaga takarda. Yara suka sa mashi suna, ba zan rubuta shi nan ba. Da aka yi jarrabawa ya zo na ƙarshe. Malaminsu, mutumin kirki ne, ya same ni a wajen gyaran keke ya ce, "Baba, ni fa ina ganin wahalar da yaron nan ake yi. Ko a bar shi ya riƙa bin awaki?" Ban ga laifinshi ba. Aji cike yake maƙil, shi kaɗai.

Amma ni na san akwai mutum a cikin yaron nan. In ina gyaran keke, kafin in miƙa hannu ya turo mani sifanar da nake nema, ba ya kuskure. Ya san akuyar kowane gida a unguwa. In aka yi abin dariya shi ke fara ganowa, daga fuskokin mutane. Hankalinshi yana nan garau, kamar wanda aka kulle a ɗaki yana kallon mutane ta taga. Ni na san wuyar riƙe fensir, don hannun da ya saba da fartanya na kai aji, na yi watanni ina zana baƙi kamar tafiyar kaza. Amma ni hannuna daga baya ya bi ni. Shi kuwa Mudi yana so, hannun ne ya ƙi.

Abin da likitar ta koya mana shi muke yi. A tsuguna daidai fuskarshi a yi mashi magana a hankali. A yi mashi waƙa. A ba shi ɓarar gyaɗa da tsintar wake da murza laka, don yatsu su saba. Kada a ɓoye shi a ɗaki, a bar shi cikin yara. Shekara da shekaru muna wannan, uwarshi ta fi kowa wahala, kafin muka sami kalma biyun nan na ranar Talata. Ka auna da kanka, yallaɓai.

Ina jin ana ta magana a rediyo a kan abin da ke sa yara ba sa ƙoƙari a makaranta. A ce rashin malamai, a ce rashin abinci mai gina jiki, a ce iyaye ba sa kula. Duk gaskiya ne. Amma ban taɓa jin an ambaci yaron da aka kayar da shi jarrabawa tun bai cika kwana bakwai a duniya ba. Tun da idona ya buɗe, na ga irin Mudi a Rimaye ranar wani ɗaurin aure, na ga wani a ƙauyen da ke gabanmu. In na tambayi iyayen ko yaron ya yi ciwon shawara yana jariri, sai su dube ni su ce, yaya aka yi ka sani?

Na uku, ga dalilin da tsoro ya hana ni sakat.

Likitar ta ce akwai wani irin jini da ake gado ta wajen uwa, ya fi fitowa ga 'ya'ya maza. Mai irin wannan jini, kafur yana farfasa mashi shi, ko da ta numfashi ne ko ta fata. Haka lalle, haka man zafin da ake shafa wa jarirai a cibiya, haka wasu magunguna. In jinin ya farfashe, rawayar ta taso da ƙarfi. An gwada Mudi daga baya, yana da shi. Ta ce duk namijin da Bilki za ta haifa a sa mashi ido sosai. Allah bai sake ba ta haihuwa ba sai yanzu. An yi mata hoton ciki a Kankiya, an ce namiji ne.

A gidana na hana kafur tun shekarar da muka dawo daga Katsina. Amma ikona a bakin ƙofata ya tsaya. Ranar barka mata za su cika gidan, kowace da ɗan zane ko 'yar riga da ta ciro daga adaka, kowace kuma sai ta ɗauki jariri ta rungume shi a jikin tufafin da ta adana don unguwa. Mahaifiyar Bilki za ta zo daga Bauranya da ƙullinta. Ni suruki ne, ta yaya zan ce ta kwance ƙulli in shinshina? Na taɓa aika mata saƙo ta bakin Rabi, amsar da ta dawo ita ce, "Mu da kafur muka raini tara, wanne ya lalace?" In na yi magana a majalisa, sa'o'ina su ce, "Isiya ya yi boko da tsufa, yanzu kuma likita ya zama." Ba na jin haushi. Maganar mai gyaran keke ce. Amma da malamar awo za ta faɗa sau ɗaya, da farar rigarta, a gaban mata, wallahi an daina.

To ga abin da ya fi tayar mani da hankali. Ran nan da Bilki ta dawo daga awo, ta sayo 'yan riguna da tawul wajen matar da ke kasa kayan jarirai a tire a bakin ƙofar asibitinku. Da Rabi ta kwance ledar, sai ga ƙwallayen kafur a ciki. Gyara ce. Duk wadda ta sayi kaya sai ta jefa mata, don kyautatawa. Baiwar Allah ba ta san abin da take rabawa ba, kuma ba wanda ya gaya mata. Duk mai cikin da ta fito daga hannunku ta gaban tiren nan take wucewa.

Sannan wa zai duba yaron in ya zo? Wancan karon Rabi ce ta gani. Yanzu yanar ido ta rufe mata guda ɗaya, ɗayan ma ba ya rarrabe fari da rawaya. Bilki mai jego ce a ɗaki mai duhu. Sani yana fita tun asuba neman abin sawa a baka. Ni kuwa a al'ada ba ni da hanyar shiga ɗakin jegon surukata.

Na huɗu, zuwana asibitinku.

Ranar Alhamis na sa rigata na hau keke na zo. Mai gadi ya ce ɓangaren awo na mata ne, kai kuma ka tafi taro. Wani matashin ma'aikaci ya fito ya gaishe ni da ladabi, ya ba ni benci, Allah Ya yi mashi albarka. Na tambaye shi ko kuna da fitilar nan mai shuɗin haske. Ya ce babu. Na ce to in aka kawo jariri mai ciwon shawara me ake yi? Ya ce rana da gulukos, in abin ya yi tsanani a tura shi gaba. Na ce yaya ake gane ya yi tsanani? Ya ce in ya daina shan nono ko ya fara banƙarewa. Yallaɓai, ai a lokacin ɓarnar ta riga ta fara. Wannan kamar a ce kada a kira masu kashe gobara ne sai jinka ta rufta.

Na sake tambayarshi, in an sallami mai haihuwa yaushe ake ce ta dawo da jariri? Ya ce ana gaya masu su dawo, amma yawanci sai bayan suna ake ganinsu, wasu ma sai sun yi arba'in. Gaskiya ya faɗa, mai jego ba ta fita. To ka ga inda ramin yake. Daga ranar haihuwa zuwa ranar suna ba idon ma'aikacin lafiya ko ɗaya a kan jariri, alhali a cikin waɗannan kwanaki ne ciwon ke yin aikinshi. Ku kuna jira a kawo, mu muna jira a yi suna, yaron yana tsakani cikin duhu.

Ba na mance alherinku ba. A asibitinku ake ba Rabi maganin hawan jini. Na san ma'aikata kaɗan ne, wuta babu, wani lokaci ko safar hannu sai an aika a sayo. Ban kuma nemi a hukunta wanda ya duba Mudi ba. Ban san ko yana nan ba, kuma abin da aka koya mashi ya faɗa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce bayan shekara bakwai maganar ba ta canja ba.

Saboda haka ga roƙona, ina haɗa ka da girman Allah.

Ɗaya. Daga ranar awo mai zuwa a daina gaya wa mata rana da gulukos. A gaya masu, da an ga rawaya a ido ko a jikin jariri, a kawo shi a ranar, ba sai gobe ba, a kuma ci gaba da ba shi nono a kai a kai. In kana shakkar maganata, kana da gaskiya, ni ba likita ba ne. Ka tambayi likitocin yara a Katsina, waya ɗaya ce.

Biyu. A yi wa mata maganar kafur da lalle da man zafi a jikin jariri. A kira mai tiren nan a yi mata bayani cikin mutunci. Ba na so a kore ta, da sana'ar take ci da marayu. Ta canja gyara kawai, ta ba da sabulu ko allurar kama zane.

Uku, wanda shi ne babba. A sami mai duba kowane jariri a hasken rana a kwana na biyu ko na uku. Masu rigakafin shan inna suna shiga kowane gida a ƙauyukan nan har ƙuryar ɗaki, su yi alama a bango su wuce. Ashe shiga gida ba gagara ya yi ba. In ba ma'aikacin da za a tura, a tara ungozomomi a koya masu, don su ke wankan jariri safe da yamma. A koya wa maza ma, ko a ƙofar masallaci ne bayan sallar Juma'a: yadda ake fito da yaro haske, a danna goshi ko kan hanci a ga launin da ya fito, a duba farin ido da dasashi da tafin ƙafa. A gaya wa mutane fito da jariri bakin ƙofa na ɗan lokaci ba ya sa mashi sanyi.

Huɗu. Duk jaririn da aka gani da rawayar da ta wuce fuska, ko wadda ta fito tun ranar farko, a ba iyayen takarda nan take, a kuma gaya masu takamaiman asibitin da fitilarshi ke aiki, don kada su yi ta yawo da jariri a mota daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ka kuma kai kukanmu ga na sama da kai ko Allah Zai sa a samo mana fitilar mai aiki da hasken rana. Na san wannan ba a hannunka yake ba. Roƙo ukun farko kuwa ba sa cin ko sisi.

Biyar. Wannan na Mudi ne da ire-irenshi da abin ya riga ya shafa. Ka taimaka ka yi wa shugabannin firamarenmu magana, a ajiye wa irin waɗannan yara wuri a gaba kusa da bakin malam, ko sun makara. In daga wajenka maganar ta fito, za a san lalura ce, ba taurin kai ba.

Ni dai na yanke abin da zan yi. Na tara Sani da Rabi na gaya masu, wannan karon zan ajiye kunya. Daga ranar da aka haihu, kowace safiya za a miƙo mani jaririn a bakin zaure in duba shi da kaina, duk abin da mutane za su ce su ce. Tagar ɗakin ma na cire tsumman na sa raga. Na yi magana da wani direba a tashar Kankiya, ya ce ko yaushe na kira zai zo. Amma yallaɓai, idon manomi gare ni, kuma ya tsufa. Jariri ja ne, gobe ya yi duhu. Ina tsoron in ga rawaya inda babu in tayar da hankalin gida, na fi kuma tsoron ta kasance tana nan in dube ta in ce lafiya lau. In na yi wannan kuskure, ba wanda zan ɗora wa. Shi ya sa nake neman wanda ya san abin ya tsaya kusa da ni ya duba tare da ni, ko sau ɗaya ne.

Jiya Rabi ta ce cikin ya sauka, Bilki kuma ta fara jin bayanta. Ta ce ba naƙuda ba ce tukuna, amma ba nisa. Ba sai ka ba ni amsa a rubuce ba. A asibitinku za ta haihu in Allah Ya yarda, za ka ga sunanta. Ka turo mana mutum a kwana na biyu, shi ne amsar. In kuwa wasiƙar nan ba ta iso hannunka ba sai bayan an yi suna, to mu tamu ta riga ta kasance yadda Allah Ya so, alheri ko akasinshi. Duk da haka kada ka ajiye ta. Ran da na zo na ga layin awo ya fito har waje, mata zaune a gindin darbejiya, kowace da ledarta ta kayan jariri a cinya.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Allah Ya raya maka naka 'ya'yan, Ya nuna maka jikokinka suna gudu suna surutu har su dame ka. Allah Ya sauki Bilki lafiya, ita da duk mai ciki, Ya tsare abin da za su haifa. Amin summa amin.

Wassalam.

Naka,
Malam Isiya mai gyaran keke, kakan Mudi.